Azumin da Baba Ya Amsa Mini Sallama

Azumin bana dai sai godiya. Da asuba har mayafi nake ja, da rana fankar sola tana ta aikinta, ruwa kuma yana cikin firij yana jiran magariba. Jiya da la'asar ina zaune a tsakar gida ina tsince wake, sai maƙwabciyarmu ta yi sallama daga zaure da kwanon ciyayya a hannu. Na amsa da ƙarfi har kajin gidan suka watse. Yaya Lami, matar yayana, ta dube ni daga bakin murhu ta ce, "Ke dai Sa'a, tun shekarar nan kike ramuwar sallama, har yau ba ki ƙoshi ba?" Muka yi dariya. Amma da na koma kan wakena sai na kasa ganin tsakuwa, don idona ya cika.

Shekarar da take nufi, azumi ya faɗo ne a ƙarshen bazara, lokacin da Kano take zama kamar an kifa mata kasko. Duk wanda ya yi wannan azumin a cikin birni ba sai an tuna masa ba. Katangar gidanmu a Dala mai kauri ce, ta ƙasa, kakanninmu sun gina ta don ta tare zafi, amma a shekarar ita ma ta sallama. Ka dafa ta da magariba ka ji tana huci. Ruwan randa ya koma kamar na wankan jego. Rijiyar gidan ta ja baya, guga sai ya dawo da rabin laka. 'Yan garuwa kuwa sai ka yi musu magana tun jiya kafin ka gan su yau. Wuta a ɗauke ta kwana uku, a kawo ta minti ashirin, kafin ka gama murna an sake ɗaukewa.

A lokacin shekarata biyu da dawowa gidan Baba da yarana biyu, bayan rasuwar mahaifinsu. Aikina a wata makarantar kuɗi ne ta wajen Ƙofar Kabuga. Ni ce mai buga takardu, ni ce mai riƙe sunayen ɗalibai da sakamakonsu. Duk wannan yana cikin wata tsohuwar kwamfuta da muke kira saba, a wani ɗan ɗaki mara taga. Sati biyu kafin azumi zafi ya dafa ta. Na shigo da safe na ji ƙaurin roba, na danna, na sake dannawa, shiru. Sakamakon zango biyu ya tafi, sai da muka bi malamai ɗaya bayan ɗaya muna kwafowa daga rajistarsu.

Hajiya mai makarantar ta kira ni ofis. Mace ce mai kirki, amma ba ta iya zagaye-zagaye ba. Ta ce, "Malama Sa'adatu, na gaji da wannan akwatin. An ce mini yanzu kilawud ake komawa, komai a ajiye a can. Ina bukatar wanda ya san abin, mai takardar shaida a hannu. Na yi miki rajistar jarrabawar. In kin ci kafin mu dawo hutun sallah, kujerar taki ce. In ba haka ba, wallahi sai dai ki yi haƙuri, akwai yaran da suka gama jami'a suna ta kawo takardunsu."

Na ce, "To Hajiya, Allah ya ba da iko." Na fito ina murmushi, na shiga adaidaita sahu, ban san lokacin da muka wuce kwanar gidanmu ba. Shekarata talatin da takwas, rabona da zama jarrabawa tun ina budurwa, kuma wannan aikin shi ne tuwon 'ya'yana da makarantarsu.

Haka na shiga azumi da littafi mai kauri da aron laftof ɗin yayana. Tsarin kwanakin bai canzawa. Mu yi sahur, mu yi asuba, kowa ya koma ya ɗan runtsa, ni kuma in hau saman soro da tabarma, don a nan kawai ake samun iska da sabis mai ƙarfi. In yi karatu har rana ta leƙo ta bayan Dutsen Dala ta fara cizon ƙeyata. In sauko in tafi aiki. In dawo da azahar leɓe a bushe, in tarar da Yaya Lami ta jiƙa wake, mu surfa, a kai markaɗe, a dama kunun tsamiya, a soya ƙosai, a zuba na maƙwabta a kwanuka. Laftof ɗin ma azumin yake ji. In ya yi zafi sai ya mutu, har na gano dabarar ɗora shi a kan faifai a bakin randa.

Sati guda ina karatu ba abin da ya zauna. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wasu sunaye uku masu kama da 'yan uku: IaaS, PaaS da SaaS. In haddace su da safe, da azahar sun cakuɗe. Wata rana muna surfe na yi jifa da littafin na ce, "Ni wallahi na haƙura. Kan tsohuwa ba ya ɗaukar wannan tsiyar."

Yaya Lami ko sakandare ba ta gama ba, amma ba a kai ta ƙasa a magana. Ta ce, "Tsohuwa ina? Ɗauko ki faɗa mini da Hausa, mene ne kilawud ɗin tukuna?"

Na ce, "Haya ce. Maimakon ki sayi saba ki ajiye a ɗaki zafi ya kashe miki, wasu kamfanoni suna da dubbansu a manyan gidaje masu sanyi. Ki yi hayar abin da kike bukata ta intanet. In aiki ya ƙaru ki ƙara, in ya ragu ki rage."

"To ai tukwanen biki ke nan," in ji ta. "Wa yake sayen tukunya mai cin buhu don bikin kwana biyu? Sai me?"

Na ce hayar iri uku ce, su ne sunayen nan uku a jere. Na farkon, injin kawai za su ba ka da wurin ajiya da hanyar sadarwa, kai za ka zuba masa komai, ka kula da shi. Na biyun, sun shirya injin da duk abin da yake tafiyar da shi, kai manhajarka kawai za ka kawo ka ɗora. Na ukun kuwa manhajar ma tasu ce, a shirye, kai dai ka shiga ka yi amfani.

Ta tsame hannunta daga turmi ta yarfe. "Ke dai kina son wahalar da kanki. Na farko, an kawo miki hayar murhu da kasko, wake naki, mai naki, in ya ƙone ke kika ƙona. Na biyu, kin kwaɓa kek ɗin sallah kin kai gidan burodi, wuta tasu, tanda tasu, amma in sukari bai ji ba kar ki zagi mai gashi. Na uku, kin miƙa kwano an zuba miki ƙosai soyayye a bakin titi. Shi ne kike jifa da littafi?"

Wallahi tun daga ranar ba su sake cakuɗe mini ba. Da na zo kan rabe-raben kilawud ɗin kansa ma haka muka yi. Na kowa da kowa ya zama famfon unguwa, na keɓe ya zama rijiyar gida, na haɗaka kuma gidanmu ne sak, mu ja rijiya in ta ƙafe mu kira ɗan garuwa. Da na karanta mata cewa kamfanonin suna ajiye kwafin kayanka a wurare daban-daban don in gobara ta ci ɗaya ɗayan yana nan, sai ta ce ai ko kakarta ba ta zuba gero duka a rumbu ɗaya.

Baba yana jin mu daga shagonsa. Baduku ne, Malam Haruna, gafaka yake ɗinkawa ta Alƙur'ani da littattafai, a ɗan ɗakin da ke jikin zaure, shekara arba'in a wuri ɗaya. Ba mai yawan magana ba ne, kuma ban taɓa jin ya tambaye ni me nake karantawa ba. Sai wata rana da hantsi, ranar da ba aiki, ina bitar babin da ya fi fitowa a jarrabawar, wato rabon alhaki tsakanin kamfani da mai haya, ya ce in karanta masa. Na fassara masa: ginin da injinan da wutar, tsaronsu na kan kamfani. Sauran kuwa ya danganta da irin hayar. Amma bayananka, da wanda ka ba lambar sirri ya shiga, wannan yana wuyanka ko wace irin haya ka yi.

Ya ci gaba da huda fata da basilla, can ya ce, "Ashe su ma sun san farali aini da farali kifaya. Akwai abin da in wani ya yi ya ɗauke wa saura, kamar sallar gawa. Akwai wanda ba mai ɗauke maka, kamar azumin nan da ke bakinki." Ya ja zare. "Ci gaba, ina ji."

Cibiyar da ake zama jarrabawar a gari ba ta da gurbi sai bayan sallah da daɗewa, don haka a gida zan yi, ta intanet. Sharuɗɗan suna da tsauri. Ɗaki ya zama fayau, ba takarda ba littafi. Kyamara a buɗe, wani mai sa ido daga wata ƙasa yana kallonka kuma yana jin ka. Ba mai shigowa. Ba za ka yi magana da kowa ba, ko kalma ɗaya. Lokacin da na samu kuma bayan la'asar ne, ranar sha huɗu ga azumi.

Na share ɗakina, na gargaɗi duk mutanen gida, aka tura yara gidan baffansu. Ƙofa dai ban rufe ba, labule na saki, don in na rufe sai dai a fito da gawata. Na fara. Tambaya ta farko a kan gidan burodin Yaya Lami ce, na kusa yin dariya. Ta biyu, ta goma, ta ashirin, abin yana tafiya kamar an shafa mai. Har na fara tunanin irin takun da zan yi in shiga ofishin Hajiya.

Na manta da Iya Abu. Tsohuwa ce maƙwabciyarmu, kunnenta ya yi nauyi, kuma tun mahaifiyata tana da rai ba ta taɓa aiko kowa da kunun ciyayya ba, da ƙafarta take kawowa. Yaya Lami ta zaga bayi a daidai lokacin. Sai kawai na ji daga bakin labule, "Salamu alaikum, masu gida!"

"Wa alaikumus salam, Iya, sannu da—"

Na kama bakina da hannu biyu. Ina! Bakin da ya shekara talatin da takwas yana amsa sallama bai jira shawarata ba. Iya Abu ta ɗaga labule ta leƙo da kwanonta tana cewa, "Au, karatu ake? Allah ya ba da sa'a." Rubutu ya fito a allon: an ji kina magana, an ga wani a ɗakin, an dakatar da jarrabawar. Allon ya rufe. Na zauna ina kallon fuskata a baƙin gilashin, gumi yana bin bayana. Iya Abu kuwa ta ajiye kunu ta tafi tana ta sa mini albarka.

Ranar na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na fito tsakar gida na zazzage wa Yaya Lami kwandon masifa, da azumi a bakina. Na ce gidan nan ba a san darajar komai ba sai ƙosai. Ta ci gaba da juya kaskonta, hawaye na sauka, ta ce hayaƙi ne. Aka kira salla ban iya haɗiye ko dabino ba. Sai da Baba ya aiko a kira ni zaure.

Na durƙusa. Ya ce, "Me kika yi aka kore ki?"

"Sallama na amsa, Baba."

Ya dube ni, sai na ga gefen bakinsa yana motsi. "To alhamdu lillahi. Da cewa aka yi an yi miki sallama kin ƙi amsawa, da shi ne zan ji kunya. Tashi ki ba yayarki haƙuri, ki sha kunu. Gobe ki rubuta musu abin da ya faru. Gaskiya dai, kar ki ƙara kar ki rage."

Na ba Yaya Lami haƙuri, ta ce in bar ta da ƙosanta tunda shi kaɗai ta sani, sannan ta tura mini kwano gabana. Washegari na rubuta musu. Na ce gaisuwa ce, a wurinmu ba a ƙin amsa ta, su duba hoton su gani. Kwana huɗu ina duba waya kamar mai jiran sakamakon asibiti. Rana ta biyar suka amsa. Sun duba, sun yarda ba satar amsa ba ce, sun ba ni dama ɗaya, ta ƙarshe. Gurbin da ya rage kafin sallah ɗaya ne tak, ranar ashirin da shida ga azumi, kuma bayan la'asar, daidai lokacin da kwanukan ciyayya suke yawo a lungu.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi zafi da na taɓa gani. Hadari ya haɗu da yamma, mu fito muna kallon gabas, iska ta watsa shi. Awaki sun daina kuka, sai su lafe a gindin katanga suna haki. A masallatai an fara roƙon ruwa. Ni kuwa karatun ya zauna, ba shi nake tsoro ba. Bakina nake tsoro. Har gwaji muka yi, Yaya Lami ta riƙa yi mini sallama ba zato, sau biyar ina faɗawa sau uku.

Ana gobe jarrabawa da safe na sauko daga soro na tarar da kayan Baba a tsakar gida. Fatu, almakasai, kwalaben rini, allunansa, littattafan da ban taɓa ganin an ɗaga daga alkuki ba. Shi da yayana suna ta fitowa da su. Na ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce, "An ce ɗaki fayau ake so. Shagona yana da ƙyaure mai sakata, rufinsa azara ce, tagarsa tana kallon dutse, wayarku ta fi kamawa a nan. Nan za ki zauna."

"Baba, ai nan ne bakin zaure. Duk sallamar duniya a nan ake yin ta."

"Na sani. Amsa sallama farali kifaya ne, Sa'adatu. In mutum ɗaya ya amsa ya ɗauke wa gida. Ni zan zauna a ƙofa, duk wadda aka yi tawa ce, ba taki ba. Ki sa wannan a ranki. Abin da ke cikin allon nan kuwa, shi ne ba mai ɗauke miki."

Na sunkuya na ɗauki daurin fata na kai ɗaki.

Ranar da la'asar aka kai laftof caji aka dawo da shi a cike. Na yi salla, na shiga, na zura sakata. Ɗakin yana ƙanshin jima da rini. Na zagaya da kyamara na nuna wa mai sa ido bango huɗu, ya ce in fara. Ta tsagar ƙyaure ina hango gefen rigar Baba, ya shimfiɗa buzunsa a dokin ƙofar waje, inda rana take dukansa sosai, mutum mai shekara saba'in da wani abu, da azumi.

Ban kai tambaya ta biyar ba na ji sallama ta farko. "Salamu alai—" Kafin a ƙarasa, muryar Baba ƙasa-ƙasa ta tare ta. Leɓena ya motsa, na danne shi da haƙori. Na ce a raina, ta Baba ce. Aka sake yi, ya sake tarewa. Na ji ƙarar kwano ana ajiyewa a hankali. Har muryar Iya Abu na ji, na ji Baba yana lallaɓa ta. A hankali sai ƙirjina ya saki, na daina jin sallamar kamar da ni ake.

Ina tsakiyar tambayoyin hasken taga ya dushe. Iska ta taso mai sanyi, ta shigo da wani ƙanshi da na kusa manta shi. Sai tsawa. Sai ruwa, kamar da bakin ƙwarya, ruwan farko na shekarar. Ina son in yi kabbara ba hali. Hoton ya tsaya cak, sabis ya sauka zuwa sanda ɗaya. Na ƙura wa alamar ido ina karanta duk addu'ar da na sani a zuci. Ta ɗan yi jim, ta dawo.

Sannan na tuna wani abu. A cikin birni in ruwa ya kama mutum a hanya, zauren da ya fi kusa shi ne nasa, ba a neman izini. Zaurenmu kuwa shi ne babba a lungun. Yanzu za a cika shi, kowa da sallamarsa, kowa da labarin ruwa, kuma ƙyaure ɗaya ne tsakanina da su. Na ji gudun takalma a cikin taɓo. Na jira hayaniya. Ban ji ba. Sai dai can nesa-nesa, a cikin ƙarar ruwa, muryar Baba tana amsawa, tana amsawa. Na leƙa tsagar da wutsiyar ido, buzun yana nan, shi ba ya kai.

Na mayar da kaina kan allo. Tambayar da ke gabana tana cewa: kamfani ya yi hayar manhaja a shirye, wani ma'aikaci ya ba abokinsa lambar sirri, bayanai suka fita, alhakin wa? Na danna amsar ba tare da na karanta sauran zaɓin ba. Na bi ragowar ɗaya bayan ɗaya, na koma na duba waɗanda na yi wa alama, na yi bisimilla a zuci na miƙa. Allon ya yi ta juyawa. Sai kalma ɗaya ta fito. Na karanta ta sau uku. Na ci.

Mai sa ido ya rufe kyamara. Na miƙe, na zare sakata, na buɗe.

Zauren a cike yake maƙil. Akwai ɗan garuwa, akwai mai gyaran takalmi da akwatinsa, akwai wasu dattawa biyu da suka fito daga tafsiri, da wani mai babur da ya jingina shi a waje, da mata uku a lungu ɗaya har da Iya Abu. Yawancinsu ban taɓa ganinsu ba. Duk a jiƙe, duk da azumi, kuma ba mai ko tari. Kwanukan ciyayya a jere a gindin bango. Baba kuwa yana waje, a tsakiyar lungu, cikin ruwa, ba lema. Ashe fita ya yi yana tare mutane tun daga nesa, ya amsa musu sallamarsu a can, ya ɗora yatsa a baki, sannan ya nuna musu zaure. Rigarsa ta manne a jikinsa, hularsa ta lanƙwashe, ruwa yana bin gemunsa.

Ya hango ni ya tako a hankali. Duk idanu suka dawo kaina. Ni kuma na rasa ta inda zan fara, sai bakin nan nawa ya sake yin gaban kansa. Na ce, "Salamu alaikum."

Ba wanda ya amsa. Suka juya suna kallon Baba, suna jiran izini. Ya matso ya yi raɗa, muryarsa ta dishe, "An gama?"

"An gama, Baba. Na ci."

Ya share ruwan fuskarsa da tafin hannu. Ya juya ga mutanen ya ce, "To jama'a, 'yata ta yi muku sallama."

Wallahi ban taɓa jin amsa irin wannan ba, ko a filin idi. Zauren ya ɗauka gaba ɗaya, har ƙasa ta zubo daga azara. Yaya Lami ta rangaɗa guɗa daga cikin gida, da ludayi a hannu. Iya Abu tana ta tambaya, "Me aka yi? Haihuwa aka yi?" Ɗan garuwan nan da bai san ko mene ne kilawud ba yana ta cewa, "Mun ci! Mun ci!" Ana cikin haka aka kira magariba. Ruwa bai tsaya ba, ba mai iya tafiya, sai Baba ya ce a buɗe kwanukan. A nan muka sha ruwa da mutanen da ban san sunansu ba, kunun gida bakwai, ƙosan gida biyar. Baba ya sha kurɓi uku yana rawar ɗari, ya ƙi shiga ya canza riga sai da ya ja su salla.

Bayan sallah na shiga ofishin Hajiya, kuma takun da na yi niyya shi na yi. Ni na kwashe bayanan makarantar na mayar kilawud, ƙosan bakin titi muka zaɓa, manhaja a shirye, lambobin sirri kuma ni nake rabawa, ba na ba kowa ta wani. Yau makarantu uku nake kula wa da nasu. Yarana sun yi karatunsu.

Na gaya wa Baba cewa satifiket ɗin a intanet yake, ba takarda ba ce, kuma bayan 'yan shekaru sai an sabunta shi. Ya ce bai san wannan zancen ba, in je in bugo masa. Na bugo. Ya auna ta da taƙi, ya yanka jar fata, ya kwana uku yana ɗinka mata gafaka, irin wadda yake yi wa manyan littattafai. Ita ce ta kusa da ƙarshe da ya ɗinka kafin idonsa ya gaza. Shekara uku ke nan da muka kai shi makwancinsa.

Na sabunta takardar sau biyu tun daga lokacin, a cibiya mai na'urar sanyaya ɗaki, inda ba mai yi wa kowa sallama. Kowace na bugo sai in zura ta a gafakar, a bayan ta farkon. Shagon Baba shi ne ofishina yanzu, ƙyauren kuma a buɗe nake barinsa. Ɗazu ma ina tsakiyar taro da wata makaranta ta kwamfuta aka yi sallama a zaure. Na ce musu su ɗan dakata mini. Babu kowa a kan buzun yanzu, wannan tawa ce.